Yadda baƙo ke kiran baƙo a Yamai: wane kira ne zumunci, wane ne raini? Tambayoyi da amsoshi

Yamai gari ne da kowa ya shigo da bakin garinsu. A layi ɗaya na kasuwar Katako ko ta Wadata za ka tarar da Ba'adare daga Tawa, Ba'are daga Dogon Dutsi, Bakurfaye daga Filinge, Bagobiri, Badamagare, ga Zabarmawa, ga Fulani da Abzinawa, ga kuma wanda ya yi lakwal mai zurfi yana cuɗa Hausa da Faransanci. Kowannensu ya tashi da irin kiran da aka koya masa a gida, shi ya sa kalmar da ta faranta wa wani rai take ɓata wa wani wuni guda. Waɗannan su ne tambayoyin da masu koyon ciniki, direbobi, masu karɓar jama'a a ofisoshi da asibitoci, da ɗaliban da suka zo Jami'ar Abdou Moumouni daga wasu jihohi suka fi yi.

Wanda ban taɓa gani ba ya ce mini “Baba”, ko “yaya”, ko “ɗan'uwa”. Ladabi ne ko shisshigi?

Galibi ladabi ne. Bahaushe ba ya son barin mutum a tsaye babu matsayi. Kafin ya nemi wani abu a wurinka sai ya ajiye ka a wani gurbi na dangi, shi ma ya shiga gurbin da ya dace da shi. Wanda ya ce maka “Baba” ya mai da kansa ɗa, wanda ya ce “yaya” ya mai da kansa ƙane. Nauyin maganar a nan yake, domin sunan dangi alkawari ne. Ɗa ba ya tsaya wa uba a ka, ba ya katse masa magana, ba ya miƙa masa canji da hagu. Idan saurayi ya ce “Baba, matsa mana!” yana ture dattijo da kafaɗa a bakin tasha, kalmar ba ta rufe komai ba, ta ma ƙara fito da rashin tarbiyyar, tunda ya ɗauki sunan ɗa ya ƙi aikin ɗa.

Saboda haka kada ka auna kalmar ita kaɗai. Duba ko ya yi sallama kafin ya kira ka. Duba ko sunan ya yi daidai da tazarar shekarun da ke tsakaninku. Sannan ka saurari abin da ya biyo baya, roƙo ne ko umarni. In waɗannan sun daidaita, ka amsa da sakin fuska, mutumin ya ba ka haƙƙinka.

Me ya hana a tambayi mutum sunansa kawai a kira shi da shi?

Alkunya. A gidajenmu sunan yanka ba abin wasa da baki ba ne. Mace ba ta kiran sunan mijinta a gaban mutane, uwa takan kauce wa sunan ɗanta na fari, suruki ba ya ambatar sunan surukinsa. Yaron da ya ci sunan kakansa sai a riƙa ce masa Abba, ko Baba, ko mai sunan malam, don kada a riƙa jefa sunan tsohon a tsakar gida. Har manyan sunaye suna da inkiyar da ake sakaya su da ita: Abubakar ya zama Garba, Umaru ya zama Sanda, Usmanu ya zama Shehu, Yusufu ya zama Maitama.

Wanda ya tashi a cikin wannan, in baƙo ƙarami ya kira shi da sunansa gatsau, sai ya ji kamar an cire masa hula a kasuwa. In aiki ya tilasta a kira suna, kamar a layin asibiti ko wurin karɓar kuɗin da aka aiko, a sa masa riga: Malam Garba, Hajiya Zara, Madam wance. Kalma ɗaya ce ta ƙaru, ba ta cin lokacin kowa.

Wane tsari zan bi in ina son yi wa baƙo magana a hanya?

Ka matso tukuna. Tazarar da za ka yi magana ba tare da ɗaga murya ba, taku biyu ko uku, ita ce daidai. Kira daga tsallaken titi na tsara ne da na yara. Ka yi sallama, ka jira a amsa. Yawancin kuskure a nan yake faruwa, mutum ya haɗa sallama da buƙata cikin numfashi ɗaya kamar ana korarsa. Sai gaisuwa ɗaya ko biyu gwargwadon lokaci: ina kwana, ina wuni, ƙaƙa gajiya, ƙaƙa kasuwa. Bayan haka ne sunan girmamawa yake shigowa, tare da “don Allah”, sannan buƙatar. Duka wannan bai kai rabin minti ba.

In kana kan babur ko cikin mota kuma wanda za ka tambaya ya girme ka, ka kashe injin ko ka sauko. In yana zaune a tabarma, ka rage tsawo. Kada ka yi masa tsaki ko fito, kada ka kaɗa masa yatsu, kada ka nuna shi da ɗan ali, kada ka yafito shi da hagu. A ƙofar gida kuwa sallama sau uku ce, da ɗan jinkiri a tsakani. In gidan matan aure ne, namiji baƙo ya tsaya a waje ya aiki yaro ya ce ana sallama da maigida.

Da wane harshe zan fara? Ba kowa ne Bahaushe a Yamai ba.

Sallama ta kowa ce, da ita za ka fara, sannan ka bi harshen da aka amsa maka gaisuwa da shi. Gamkalle da Gudel tsoffin garuruwan Zabarmawa ne da birni ya haɗiye, Zongo kuwa tun asali unguwar fatake ce. Kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka ƙaddamar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma wannan bai ɗora wa tsohuwar Gudel wajibcin amsa maka da Hausa ba. “Fofo”, gaisuwar Zabarmawa, guda ɗaya daga bakin Bahaushe tana buɗe ƙofa da yawa.

Akwai wani abu da ke jawo ɓacin rai a banza. Zabarmanci ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna. Kalma ɗaya ce, “ni”, take tsaya wa “kai” da “ke”. Don haka Bazabarmen da Hausarsa ba ta nuna ba yakan ce wa mace “ka zo”, ko ya ce wa namiji “ki zauna”. Ba gatse ba ne, harshensa ne ya biyo shi. Haka ma tsakanin Hausawa: Ba'adare ya ce “mi kaka so?”, kunnen da bai saba ba ya ji kamar gatsali, alhali shi tambaya kawai ya yi da bakin garinsu.

Ta yaya zan san wanda zan ce wa Baba ko Inna, da wanda zan ce wa yaya?

Ka auna da gidanku. Wanda zai iya haihuwarka, wato ya ba ka kamar shekara 20 ko fiye, shi ne Baba. Mace kuma Inna ko Mama. Wanda ya girme ka amma bai kai haka ba, yaya. Tsaranka, ɗan'uwa ko ƴar'uwa. Wanda ka girma, ƙanena ko ƙanwata, in kuma ka haife shi, ɗana ko ɗiyata. Lura da wannan “na” da “ta” na ƙarshe: “yaro” da “yarona” ba ɗaya ba ne, na farko ya ajiye shi can nesa, na biyu ya jawo shi jiki.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tsakiya, mutumin da ke tsakanin 35 da 50. Namiji mai furfura kaɗan da wani mai shekara 30 ya ce masa “Baba” yakan yi shiru ne kawai, amma ya ji. Mace kuwa ta fi ji, musamman in wanda ya ce mata “Mama” gemunsa ya cika. Abin da ke ɓata mata rai ba tsufan ba ne, a'a, mutumin ya rage wa kansa shekaru ya ɗora mata. In kana shakka, ka bar sunan dangi ka koma Malam, Hajiya ko Madam, waɗanda ba su ƙirga wa kowa shekaru.

“Tsoho” da “tsohuwa” na cikin gida ne. Ɗa yakan ce “tsohona” da ƙauna, jika yakan tsokani kakarsa da “tsohuwa”, amma baƙo ba shi da wannan izini. Ya ce dattijo, ko Baba, ko Kaka in tsufan ya kai. Kalmomin “uwa” da “uba” su kansu ba a kiran baƙo da su, domin sun yi kusa da bakin zagi.

“Kai!” da “Ke!” fa?

A cikin magana ba su da laifi, wakilan suna ne. A matsayin kira, su kaɗai, daga sama zuwa ƙasa suke gangarowa: uba ga ɗa, yaya ga ƙane. Baligi ya ce wa baligin da bai sani ba “Kai!” ya riga ya yanke hukuncin cewa ya fi shi. Mace kuma da baƙon namiji ya ce wa “Ke!” tana da gaskiya in ta ƙi waiwayowa. Wuri ɗaya aka yafe: gargaɗin haɗari, mota ta taho ko kaya zai faɗo.

Ga babba akwai hanyoyi biyu na kauce wa “ka” da “ki”. Ko a yi jam'i, “kun tashi lafiya?”, “sannunku da hutawa”, ko a yi kamar ana maganar wani, “Malam ya tashi lafiya?”, “Hajiya za ta zauna?”. Masu Faransanci su tuna haka “tu” da “vu” suke: a ofis “vu” ake fara wa kowa, babba ne yake da ikon sauko da ita.

Shin “Malam” ya isa ga kowane namiji?

Shi ne kiran da ya fi tsira daga kuskure. Asalinsa na mai ilimin addini ne, amma ya daɗe da zama rigar kowane baligi. Murya ce kaɗai ke lalata shi: “Malam, lafiya?” da gira a haɗe faɗa ne ake nema. Malamin gaske, mai almajirai ko limami, ana ƙara masa “Allah ya gafarta malam”; Zabarmawa kuma “Alfa” suke cewa. “Malama” a Yamai ta fi karkata ga mai koyarwa, ko ta islamiyya ko ta lakwal, shi ya sa a kasuwa aka fi jin Hajiya da Madam. “Bawan Allah” da “baiwar Allah” su ma suna da kyau ga wanda ba ka san komai a kansa ba, kuma ba su da alaƙa da bautar da za mu ambata a ƙasa.

Ana ce mini Alhaji alhali ban je Makka ba. In gyara?

A ciniki na minti biyu ba sai ka gyara ba. Amsar da aka saba ita ce “Allah ya sa”, ko “Allah ya kai mu”, ka mai da kiran addu'a. In mu'amala za ta daɗe, maƙwabci ne ko abokin aiki, ka faɗa sau ɗaya cikin sauƙi, domin akwai masu ganin bai dace mutum ya zauna cikin sunan ibadar da bai yi ba, kuma suna da hujja. Wasu kuma Alhaji sunansu ne tun na goyo, sun gaje shi daga kaka.

Sai dai ka san abin da kiran yake ɗauke da shi a kasuwa. Kujerar hajji a shekarun nan ta haura miliyan 3 na sefa, don haka “Alhaji” da “Hajiya” sun zama wata hanya ta cewa “mai hali”. Wani ɗan kasuwa da ya ga shadda mai maiƙo da makullin mota yakan fara da “Alhaji” sannan ya ɗora jikka guda a kan kuɗin kaya. Ka karɓi girmamawar, ka yi tayinka yadda ka saba. Ga masu sayarwa kuma shawararmu ita ce kada ku bambanta kira da tufafi a gaban juna. In mata biyu suna tsaye, aka ce wa mai leshi “Hajiya” aka ce wa mai atamfa da ta koɗe “ke”, ta biyun ba za ta dawo ba, kuma za ta faɗa wa maƙwabtanta dalili.

Mushe, Madam, Tanti, Shef, Patron: yaushe suke dacewa?

Waɗannan daga Faransanci suka shigo, kuma kowanne ya samu gurbinsa a bakin mutanen Yamai. “Mushe” na malamin lakwal ne da ma'aikacin ofis. Baƙi daga Najeriya sukan yi turus in sun ji shi, domin a rubuce ya yi kama da mushen dabbar da ta mutu ba yanka, amma furucin daban ne, kuma a nan girmamawa ce tsantsa. “Madam” ta dace da kowace baligar mace a ofis, banki, asibiti ko kanti. “Madmazel” kuwa a yi hattara da ita: tana yanke hukunci a kan auren mace, abin da ba ruwan baƙo da shi. Faransa kanta ta cire ta daga takardun gwamnati a 2012.

“Tanti” da “Tonton” na yara ne da matasa ga abokan iyayensu, sun kuma bazu zuwa masu sayar da abinci da maƙwabta. Daga bakin ɗan shekara 15 suna da daɗi, daga bakin tsara suna da irin matsalar “Mama”. “Gran” matasa ke ce wa wanda ya ɗan girme su, ba laifi. “Peti” kuwa, kamar “yaro”, ba a faɗa wa mai iyali komai ƙanƙantar jikinsa.

“Shef” da “Patron” sun fi kowanne santsi. Daga ƙasa zuwa sama girmamawa ne, wani lokaci da ɗan fatan alheri a ciki. Daga mai mota zuwa maigadi ko mai wankin mota suna iya zama zumunci in da fara'a da gaisuwa, suna iya zama ba'a in an faɗe su ana kallon wani wuri. Mutum ya san ba shi ne patron ba, abin da yake saurare shi ne ko ana ganin mutuncinsa.

Namiji zai yi wa macen da bai sani ba magana. Me zai ce, me zai bari?

Ya ce Hajiya, Madam, Malama, baiwar Allah, ko Inna in ta haife shi. “Ƴar'uwa” da “ƙanwata” suna wucewa in buƙatar a fili take kuma gajera ce, kamar tambayar hanya ko miƙa canji a taksi. Ya bar “ƴammata”, “kyakkyawa”, “sheri”, “masoyiya” da duk kiran da ya taɓa jiki ko kyau. Mai faɗa yana iya cewa wasa yake yi, amma wasa sai da yardar mutum biyu, ita kuwa ba a tambaye ta ba. Tana tsaye ne tana jiran taksi ko tana sayen cefane, kuma ba ta da hanyar sanin inda maganar za ta tsaya.

“Amarya” tana da nata hukunci. Mata ƴan kasuwa da tsofaffi sukan faɗa wa matashiya mai lalle da sabon zane, a yi dariya a wuce. Saurayi baƙo ya faɗa, ta zama wani abu dabam. Haka “uwargida”: kalma ce mai daraja, amma tana nuna akwai kishiya ko ana sa ranta, don haka wanda bai san gidan ba ya bar ta.

Kiran mutum da sana'arsa raini ne?

A'a, in sana'ar ce ta haɗa ku. Mai shayi, mai nama, mai tebur, mai kabu-kabu, tela, direba, duk suna amsawa ba tare da jin komai ba, kuma “garuwa” ma daga kiran tallarsu ya samo asali, “ga ruwa”. Abin da ke gyara shi shi ne sallama a gaba, ko a haɗa da sunan girma in mutumin babba ne: “Baba mai goro”, “Inna mai fura”.

Akwai sunayen da ake faɗa a bayan ido amma ba a kiran mutum da su. “Karen mota” na farko. A ce yaron mota in ana maganarsa, a ce ɗan'uwa ko ƙanena in ana kiransa. “Boyi” da “ƴar aiki” haka. Yarinyar da ta baro ƙauyensu ta zo aikatau tana da suna, kuma baƙon da ya shigo gida ya tambaya ya riƙe. Almajiri ma, “ɗan malam” ya fi masa daɗi fiye da “kai almajiri”. Ɗan dako da ya ɗauki buhu mai kilo 50 daga cikin Katako zuwa bakin titi, sau da yawa magidanci ne da ya zo cin rani daga Adar ko Zarmaganda. “Yaro” ba sunansa ba ne.

Kiran mutum da ƙabilarsa fa, kamar “Bafillace” ko “Buzu”?

Nan ne muka fi son a yi taka-tsantsan. Wasu sunayen ba ƙabila kaɗai suke nunawa ba, suna ɗauke da tarihin bauta. “Buzu” a bakin Hausawa da yawa yana nufin duk mai rawani da ya fito daga arewa, amma asalinsa yana nuni ga ajin bayi a cikin al'ummar Abzinawa, kamar yadda “Bella” take a bakin Zabarmawa. Wani ba zai damu ba, wani kuma ka taɓa masa ciwon da ya gada. Maganar ba ta tsufa ba: sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bauta babban laifi, kuma a 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da ta zauna a Yamai ta ba Hadijatou Mani, wata mace daga yankin Ƙonni a jihar Tawa da aka sayar da ita cikin bauta, gaskiya, ta umarci gwamnati ta biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Ƙungiyar Timidria tun 1991 take gwagwarmayar yaƙi da bauta. A ƙasar da ake cikin haka, “bawa”, “kuyanga” da “wahaya” (macen da ake saye a ajiye ta bayan mata huɗu na aure) ba kalmomin tsokanar baƙo ba ne.

“Anasara” da yara ke bin Turawa da shi galibi mamaki ne, amma babba ya ce Mushe ko Madam. Ɗan ƙasa mai hasken fata ko wanda ya daɗe a waje kuwa, in aka ce masa anasara an fitar da shi daga cikin jama'a ne.

To ina wasan taubasantaka? Ai Bagobiri yakan ce wa Bazabarme “bawana”.

Yakan ce, Bazabarme kuma ya rama, a rabu ana dariya. Haka Fulani da Barebari, haka Fulani da Arawa, haka ɗan mace da ɗan namiji a cikin dangi. Gado ne mai daraja da ya kashe rigingimu da yawa, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Amma yana da sharuɗɗa, kuma masu ɓata shi su ne waɗanda suka riƙe zagin suka manta sharuɗɗan.

Sai ka tabbata mutumin abokin wasanka ne. Zane a fuska da karin harshe suna yaudara, a Yamai kuma auratayya ta cakuɗa kowa. A fara da gaisuwa, a tambayi gari, sannan a jefa ƙaramar tsokana a ga ko zai cafe. In ya yi murmushi ya rama, hanya ta buɗe. In ya yi shiru, a tsaya nan. Ba a yin sa da wanda ke cikin ruɗani, kamar mai jinya a bakin asibiti, sai in shi ya fara. Ba a fakewa da shi a faɗi abin da ke cikin zuciya da gaske. Kuma taubashi yana da haƙƙi: wanda ka kira bawanka yau, in motarsa ta mutu a hanya gobe kai ne farkon mai turawa.

Dogo, Gajere, Baƙi, Jatau?

Laƙabi ne da abokai ke raɗa wa juna, wani ma ya bi mutum har ya rufe sunansa. Baƙo bai da rabo a ciki. Wanda ya shafi naƙasa kuwa, gurgu, makaho, kurma, bebe, ba a kiran mutum da shi ko kusa. A matsa a yi sallama, in makaho ne a ambaci kai don ya san da shi ake. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana jifan juna da miyagun laƙubba, kuma wannan kowane ɗan makarantar allo ya ji shi.

Me ya sa wasu ke ɓata rai in an ce musu “aboki”?

A Yamai da Tawa kalmar lafiyarta lau, musamman “abokina”. Amma wanda ya yi ci-rani a kudancin Najeriya ya san ta da wata fuska. A Legas da makamantanta “aboki” ya zama sunan da ake yi wa duk ɗan arewa mai gadi, mai shayi ko mai gyaran takalmi, sau da yawa da ma'anar wanda bai waye ba. Adarawa da yawa sun sha wannan kira shekara da shekaru. In ka ga fuskar mutum ta canja, ka koma “ɗan'uwa”.

Masu kaki, ma'aikatan asibiti da sarakuna?

Ɗan sanda, jandarma, soja da ma'aikacin duwan, “Shef” ya wadatar in ba ka iya karanta galansa ba. Kada ka ƙirƙira masa muƙami. A asibiti “likita” tana rufe kowa a bakin jama'a, shugaban ma'aikatan jinya na ƙaramin asibiti kuma “majo” ake ce masa. Basarake, daga mai unguwa zuwa Sarkin Adar a Illela, ana cire takalmi, a rage tsawo, a ce “ranka ya daɗe” ko “Allah ya ja zamaninka”, kuma ba a miƙa masa hannu sai ya miƙo.

Nauyin ya fi yawa a ɗaya ɓangaren. Mai kaki ko mai farar riga da ya ce wa dattijo “kai, zo nan” ya yi amfani da ikon da dattijon ba zai iya mayar wa martani ba. Wanda ke bayan tebur shi ya kamata ya fara cewa Baba.

A waya da WhatsApp ƙa'idar ta canja?

Ta ƙara tsauri, domin babu fuska babu murya da za su tausasa kalma. Saƙon farko ga wanda bai san lambarka ba ya ƙunshi sallama cikakkiya, sunanka, wanda ya ba ka lambar, da buƙatarka, duka a saƙo ɗaya. “Slt” ko “cc” (gajerun gaisuwar Faransanci) kaɗai, a jira ya amsa, na tsara ne. In kai ka buga waya, kai za ka fara faɗin ko wane ne, “wa ke magana?” daga bakin wanda ya kira rashin ladabi ne. Baƙuwar lamba da ta fara da “sheri” ko “masoyiya”, ko ta yi ta zuba maka “Alhaji” kafin ta kawo maganar kuɗin da wai aka tura maka bisa kuskure, a rufe ta. A Facebook da zaurukan WhatsApp kuma a tuna dokar laifukan intanet ta 2019 ta haɗa da zagi da ɓata suna, kuma abin da aka rubuta yana zama hujja.

An kira ni da sunan da ban so. Ta yaya zan gyara ba tare da faɗa ba? In kuma ni na yi kuskuren fa?

In sallama ce aka tsallake, ka mayar da ita: wanda ya ce “kai, ina hanyar Wadata?” ka ce masa “salamu alaikum, ina wuni?” da murya a kwance. Mafi yawa za su ji kunya su sake farawa. In sunan ne bai yi maka ba, ka ba shi wanda kake so maimakon ka tsaya kan wanda ya faɗa: “Malam Sani ake ce mini”, ko “ce mini Madam ya isa”. Mace da baƙo ya kira da sunan shisshigi ba dole ta amsa ba. In ya nace, ta matsa kusa da wata babbar mace ko mai tebur na kusa ta ce “Baba, yi wa wannan magana”, jama'ar kasuwa sun san abin yi daga nan. Yaro kuwa a gyara masa a hankali, a gefe, ba a gaban abokansa ba.

In kai ka yi kuskure, “yi haƙuri, ban lura ba” sau ɗaya, ka sauya kiran, ka ci gaba da maganar da ta kawo ka. Kada ka tsaya bayanin abin da ya sa ka zaci ta girme ka, ko ka ce ai a garinku haka ake cewa. Bayanin ya fi kuskuren ciwo. Masu kanti da masu tebur da ke da abokan ciniki na kullum, ku saurari yadda maƙwabtan mutum da ƴan rakiyarsa ke kiransa, ku rubuta wannan sunan a gefen sunansa a littafin bashi, yaran shago su ma su koya.